Injin farfasa kara: wuƙa, guduma ko faifai?

Wanda ya taɓa zuba karan hatsi sukutum cikin rijiyar iskar gas, wadda ake ruɓar da shara a ciki don samun gas na girki, ya san abin da ke biyo baya. Karan ya taso ya yi ɓawo a saman ruwa, makonni suna wucewa, murhu shiru. Abincin da ƙwayoyin ruɓa suke nema, wato selulos, yana kulle cikin wani sinadari mai tauri da ake kira lignin, kuma sai an farfasa karan suke samun ƙofa. Haka mai son fitar da man etanol daga kara, ko furfural, wani sinadarin masana'antu, daga totuwar masara: daka ce farkon aiki. To, wane inji ya dace da mu a nan Yamai?

Kafin ka taka kasuwar Katako, tsaya ka tambayi kanka: kayan naka busassu ne ko ɗanyu?

In ɗanyu ne, kamar kainuwar da ke toshe bakin Kogin Kwara ko ciyawar damina, injin wuƙa za ka nema. Yana sara guntu-guntu, kamar milimita 10 zuwa 30, ba ya cin wuta sosai, kuma jiƙa ba ta dame shi ba. Maƙiyinsa yashi ne. Mu kuwa karanmu da saiwa ake tumɓuko shi, ƙasa maƙale a gindi. Na ga wuƙar da aka wasa da safe, kafin azahar tana tauna kara maimakon yanka shi. A sare gindin, a kakkaɓe, sannan a zuba.

Ga busasshen kara, ni dai injin guduma nake ba mutane shawara. Ƙananan gudumomi ne ke juyawa da gudu suna dukan karan har ya ratsa rariyar ƙarfe da ke ƙasa, don haka rariyar ce ke yanke girman abin da zai fito. Canja rariya, ka canja aiki: yau abincin rijiyar gas, gobe dusar kara ta tumaki. Masu walda na gida suna ƙera shi, in guduma ta cinye a juya ta ɗaya gefen, in ta ƙare a yanko sabuwa. Amma fa yana son kaya sun bushe ƙamas. Danshi ya haura kashi 15 cikin ɗari, rariya ta fara toshewa, motar injin ta ɗau zafi. Ga ƙura kamar ta hunturu. A kafa shi inda iska ke wucewa, nesa da wuta, mai aiki ya rufe hanci. Sa maganaɗisu a bakin zubawa, ƙusa guda tana iya huda rariya.

Kada rahusa ta ja ka ga injin faifai irin na niƙan hatsi na unguwa. An yi shi ne don ƙwaya, zaren kara yana naɗe masa. Ɓuntun shinkafar gonakin Saga da Kirkisoye na nan Yamai kuwa cike yake da sinadarin yashi, yana cinye faifai cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma injin ganga mai ƙwallayen ƙarfe. Shi ne ya fi kowa laushin niƙa, har tsarin selulos ɗin yake rushewa, sai dai cin wutarsa ya sa wurinsa ɗakin gwaji na jami'a ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu saye ke zaton laushi shi ne nagarta. Duk lokacin da ka ƙanƙanta ramin rariya, kuɗin lantarki ko gazuwal sai ya yi tsalle, ƙarin amfanin kuwa yana raguwa. Rijiyar gas ba ta buƙatar gari, gutsattsari sun ishe ta. Aikin etanol ne ke son milimita 2 ko ƙasa da haka.

Ranar ciniki, tafi da damin karanka. A tayar da injin gabanka, a zuba, ka duba agogo, ka damƙi abin da ya fito, ka taɓa jikin motar ka ji zafinta. Tambayi mai sayarwa: "Malam, motar nan ta wutar gida ce ko mai layi uku?" Manyan injuna sukan so volt 380, kuma ba kowace unguwa ke da shi ba. Sannan kada ka biya sai an haɗa maka da rariya biyu, mai manyan ramuka da mai ƙanana.