Daga Maraɗi Zuwa Maroko: Abin Da Ya Kamata A Auna Kafin A Biya Kuɗin Tafiya

Mutanen Maraɗi da ke nufin Maroko ba dalili ɗaya ke kai su ba. Akwai masu ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, akwai iyayen da ke zuwa duba ƴaƴansu ɗalibai, akwai kuma waɗanda buɗe ido kawai ya kai su. Ko wane ne dalilin, daɗin tafiyar da tsadarta tun daga gida ake yanke su, wato a lokacin da mutum ke zaɓen filin jirgin da zai tashi da kuma wanda zai damƙa wa kuɗinsa.

Mutumin Maraɗi yana tsakanin filayen jirgi biyu ne, na Diori Hamani da ke Yamai da na Malam Aminu Kano. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, domin ta hanyar Ɗan Issa da Jibiya da Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, alhali Yamai ta haura kilomita 600, kuma wanda ya shiga motar Rimbo ko STM da asuba, ya ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda zai yi a zaune. Sai dai kusancin Kano ba ya amfanar mai zuwa Maroko sosai. Daga Yamai jirgin Royal Air Maroc kai tsaye yake zuwa Kazablanka cikin ƙasa da awa huɗu, amma daga Kano sai an ya da zango a wata ƙasa kamar Masar, ko kuma a gangara har Legas. Idan aka haɗa da tsallake iyaka, da canjin sefa zuwa naira, da matsalar tsaro da yankin Jibiya ya sha fama da ita, ragin da ake gani a farashin tikiti yakan narke tun kafin a shiga jirgi. A ganina Yamai ce hanyar mai iyali da mai rakiyar dattijo, da sharaɗin ya isa can kwana ɗaya kafin ranar tashi, don kada lalacewar mota a hanya ta ci masa tikiti.

An daɗe ƴan Nijar suna shiga Maroko ba tare da biza ba idan zaman bai wuce kwana 90 ba, amma a lokacin gasar cin kofin Afirka ta 2025 da aka yi a can an wajabta musu neman izinin shiga ta intanet, saboda haka a tambayi ofishin jakadancin Maroko da ke Yamai kafin a biya ko dala. A tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida, a riƙe katin rigakafin shawara, a kuma ajiye tikitin dawowa da adireshin masauki a hannu, domin su ne abin da jami'an filin jirgi suka fi tambaya.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen zaɓi tsakanin kamfanin shirya tafiye-tafiye da shirya wa kai. Kamfani yana haɗa tikiti da masauki da motar da za ta tarbi mutum, wani lokaci har da jagora, kuma ga wanda ba ya jin Faransanci ko Larabci, ko ayarin dattawa masu ziyara, wannan sauƙin ya cancanci ribar da ake ɗorawa a kai. Abin da ba na so shi ne a miƙa kuɗi a kan magana ta fatar baki. Kafin a biya, a nemi sunan masaukin a rubuce, a duba a taswirar waya a ga tazararsa da zawiya ko tsakiyar gari, a tambaya ko akwai abinci a cikin kuɗin da kuma mutum nawa za a sa a ɗaki. A karɓi lambar ajiyar kujera, a shigar da ita a shafin kamfanin jirgin, domin takardar da aka buga ba ta nuna an biya tikitin ba, mai yiwuwa an riƙe kujerar ne kawai na ɗan lokaci. Wanda ya iya karatu da Faransanci kuma yana da katin banki, zai fi samun rangwame da ƴancin sauya shiri idan ya sayi tikitinsa da kansa, ya kama masaukin kwana biyu na farko tun daga gida, sauran kuma ya zaɓa bayan ya gani da idonsa.

Wanda yake da mako ɗaya kacal kada ya ce zai ga ƙasar duka. Kazablanka kwana ɗaya ya ishe ta, a ga masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993 a bakin teku, a wuce. Zaɓin gaskiya yana tsakanin Fas da Marrakesh. Marrakesh tana da dandalin Jami'ul Fana da hasumiyar Kutubiyya, tana da hayaniya da ƴan yawon buɗe ido daga Turai, kuma farashin kaya a kasuwarta yana bin aljihunsu. Fas ta fi natsuwa, kuma ta fi kusa da zuciyar mutumin ƙasar Hausa. Nan ne kabarin Shehu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, nan ne kuma masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a shekarar 859. A majemar Shuwara baƙo yakan hau bene ya leƙa ramukan rini jere da juna, masu shago su miƙa masa ganyen na'ana'a ya kanga a hanci saboda wari. Ya kamata ɗan Maraɗi ya tsaya a wurin da kyau, domin fatar jar akuya ta ƙasarmu tana cikin fatun da fatake suka riƙa ƙetare hamada da su, har Turawa suka saye su da sunan fatar Maroko.

Tsakanin manyan garuruwa jirgin ƙasa na ONCF ya fi komai. Akwai tasharsa a cikin filin jirgin Muhammadu na Biyar da ke Kazablanka, daga nan zuwa tashar Casa Voyageurs, sannan kimanin awa huɗu zuwa Fas ko kusan uku zuwa Marrakesh. Jirgin Al Boraq mai gudun kilomita 320 a awa, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa Kazablanka da Tanja cikin awa biyu da ƴan mintoci. Garuruwan da dogo bai kai ba, irin su Agadir da Shafshawan, sai motocin CTM ko Supratours. A cikin gari ƙaramar tasi mutum uku take ɗauka, ja ce a Fas da Kazablanka, shuɗiya a Rabat, kuma a ce wa direba ya kunna mita tun kafin ya ja.

Masauki iri biyu ne. Riyad tsohon gida ne a cikin tsohon gari, ɗakuna kewaye da tsakar gida, yana da kyau kuma yana kusa da wuraren ziyara, amma mota ba ta shiga lungunan Fas, sai a sauka a bakin ƙofa a ɗora kaya a kura, ga kuma matakala masu tsayi da ƙunci. Mai ciwon gwiwa ya fi dacewa da otal a sabon gari, ya riƙa zuwa da tasi.

Sefa ba ta da kasuwa a Maroko, dirhami kuma ba a samunsa a Maraɗi, don haka a canja zuwa yuro tun daga gida, tunda farashinsa a tsaye yake, yuro ɗaya kusan sefa 656. A filin jirgi a canja abin da zai isa tasi da layin waya na Maroc Telecom ko Orange ko Inwi kawai, sauran a bari sai cikin gari inda canji ya fi kyau, kuma a riƙe rasit saboda mayar da ragowar dirhami ranar dawowa. Katin Visa yana aiki a na'urorin cire kuɗi, amma a sanar da banki kafin a tashi, kada kuma a dogara da shi kaɗai.

Daga Maris zuwa Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, shi ne lokacin da ya fi daɗin yawo. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh yana wuce digiri 40, kuma tikiti yana tsada saboda hutu. Sanyin Fas a Disamba da Janairu kuwa ya wuce hunturun da muka sani, domin yana zuwa da ruwa, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Wanda ziyararsa ta faɗo a wannan lokaci ya tambayi masauki wannan tun kafin ya biya, ya kuma tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe.