Garwa zuwa Yawunde a jirgin sama, kujerar ikonomi: abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo daga Yawunde ake ta tambayata a WhatsApp, wai jirgin saman nan na cikin gida a Kamaru ya ci kuɗinsa kuwa, ko gara mutum ya haƙura ya bi mota da jirgin ƙasa yadda muka saba. To bari in amsa wa kowa gaba ɗaya. Ya ci kuɗinsa, musamman in kana tafe da tsoho ko marar lafiya. Amma fa jirgin kansa daban, yadda kamfanin yake mu'amala da mutane a ƙasa daban, kuma a nan ƙasan ne nake da magana. Ba sai na kama sunan kamfani ba.

Ni Hajiyarmu na raka, likita a nan Garwa ya tura ta ganin ƙwararre a Yawunde saboda ciwon ƙugu, zama mai tsawo yana wahalar da ita sosai. Duk wanda ya taɓa yin hanyar nan ta ƙasa ya san me nake nufi, ka tashi da asuba ka kama motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, kilomita kusan 280 zuwa Ngaundere, ga ramuka ga manyan motocin da ke jigilar kayan Chadi, ka wuce Mbe ka fara hawan falez, tsaunin nan da ke kan hanya, kana ta salati, in ka isa kuma ka zauna a gar, wato tashar jirgin ƙasa, har yamma kafin jirgin ƙasa ya tashi, ku kwana kuna tafiya ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, sama da kilomita 600, sai gari ya waye ka ga Yawunde. In kuma mota za ka bi har can ta Meiganga da Garwa Bulai da Bertuwa to ka haura kilomita 1000. Matashi zai iya. Tsohuwa mai ciwon ƙugu wallahi kafin ta isa wurin likitan an ƙara mata wani ciwon. A jirgin sama kuwa awa ɗaya da rabi ne, wani lokaci ma bai kai ba.

Kuɗin bilet yana da zafi, ba zan ɓoye ba, ya ninka na mota da jirgin ƙasa. Sai dai ka yi lissafi da adalci, ka haɗa kuɗin kushet in kana so tsohonka ya samu wurin kwanciya a jirgin ƙasa, ka haɗa abinci a hanya, masu dako, da kwanakin da shagonka zai zauna a rufe, za ka ga tazarar ta ragu. Kuma in ka saya da wuri ya fi sauƙi a kan ka bari sai ana gobe tafiya. Ni a ofishinsu na cikin gari na saya don na fi son in ga mutum ido da ido. Ka tabbata sunan da aka rubuta a bilet shi ne daidai na kan katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi, mu Hausawa muna da wannan matsalar, a gida Muhammadu a kati Mohamadou, to na kan katin za ka ba su.

Yanzu abin da ya ɓata min rai. Ana gobe tafiya da daddare saƙo ya shigo waya wai an canza lokacin tashi, an mai da shi gaba. To ba komai, gara da suka faɗa. Muka zo filin jirgi a kan sabon lokacin, aka auna kaya, aka ba mu katin shiga, muka zauna. Lokaci ya yi ya wuce, shiru. Ba wanda ya fito ya ce ga abin da ake ciki. Ka je ka tambaya a ce maka "yana zuwa", ka koma a ce "yana zuwa". Akwai wani dattijo da ya taso tun daga garin Gidar da sassafe, yana da ciwon suga, bai ci komai ba don ya ɗauka yanzu za a tashi, sai da wata baiwar Allah ta ciro dabino daga jakarta ta ba shi. Ni ban ce jirgi ba zai makara ba, mu 'yan arewa mun san hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranar da ƙura take rufe gari ba ka hango ƙetaren kogin Binuwai, kuma matuƙi ba zai sauka ba sai yana iya ganin titin jirgi daga wata tazara da doka ta gindaya, wannan don tsaron rayukanmu ne, na yarda ɗari bisa ɗari. Kuma jirgi ɗaya ne yake zagaya garuruwa da yawa a yini, in ya makara a Duwala da safe to kowa zai sha makarar har dare. Amma me zai hana mutum ɗaya ya fito ya ce jama'a ku yi haƙuri, jirgi bai baro Yawunde ba tukuna, sai nan da awa kaza, ku je ku ci abinci ku yi sallah? Shirun shi ne cutarwar, don ya hana mutum ya san yadda zai yi da kansa.

Maganar kaya kuma dan Allah a kula. Nauyin da aka yarda maka yana rubuce a bilet ɗinka, ka duba ka auna a gida, don abin da ya haura sai ka biya, kuma mu in za mu kudu ba ma tafiya hannu rabbana, ga kilishi ga busasshen kifin Lagdo ga tsarabar 'yan uwa na Briketeri, unguwar Hausawa a Yawunde. Duk abu mai ruwa da ya wuce ɗan ƙaramin kwalba ba ya shiga jakar hannu. A gabana wata Hajiya ta zo da gorar man shanu cikin jakarta, mai binciken ya ɗaga gorar ya ce "Hajiya wannan ba ya shiga ciki", ta ce "ɗana ai ba ruwa ba ne, mai ne, 'yata ce ta haihu", ya ce ya sani amma doka ce, ga shi babbar jakarta ta riga ta wuce, ƙarshe sai da ta kira wanda ya kawo ta ya dawo ya karɓa. Na tausaya mata ƙwarai. Man shanu, zuma, turare, wuƙa, almakashi, duk a babbar jaka, a ɗaure da leda sosai. Pawa bank kuma akasin haka, shi a hannunka zai zauna, ba a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi.

Da jirgin ya iso komai ya tafi da sauri. Irin mai farfela biyu ne, Dash 8 Q400 ƙirar Kanada, fukafukansa a sama suke, yana ɗaukar mutum saba'in da wani abu. Da ƙafa ake takawa zuwa gindinsa, rana tana dukanka kwalta tana huci. Abin da na ji daɗinsa shi ne jirgin ba shi da tsayi daga ƙasa, matakalar 'yan taki kaɗan ce, wata ma'aikaciya ta sauko da kanta ta kama hannun Hajiya tana cewa "Mama sannu, a hankali" har ta zaunar da ita ta ɗaura mata bel. Allah ya saka mata da alheri. Wanda tsohonsa ba ya iya tafiya sam, ya nemi keken guragu tun ranar sayen bilet, kada ya bari sai a filin jirgi.

Kujeru biyu ne dama biyu hagu, babu ta tsakiya, ko kana taga ko kana bakin hanya, ni da Hajiya muka zauna abinmu ba wanda ya raba mu. Wurin ƙafa daidai misali, dogon mutum gwiwarsa za ta taɓa kujerar gaba amma na awa ɗaya da rabi ana iya jurewa. Wurin sa jaka na sama ƙarami ne, in jakar hannunka ta cika girma za su karɓa a gindin jirgi su ba ka in an sauka, don haka ka cire magani da takardun asibiti da kuɗi ka riƙe. Ciki da tsabta, ban ga datti ba. Da muka shiga akwai zafi kafin a tada inji, bayan an tashi kuma sanyi ya kama har Hajiya ta ja mayafi. Ƙara kam akwai ta, musamman kujerun da ke daidai farfela, har a jikin kujera kana jin tsuma, in an ba ka zaɓi ka nemi can baya, ya fi dama.

Ga abu na biyu da nake so kamfanin ya ji. Duk sanarwar da aka yi da Faransanci da Turanci aka yi ta, na san su ne harsunan gwamnati a Kamaru, amma ka juya ka dubi fasinjan jirgin da ya tashi daga Garwa, da yawa dattawa ne da 'yan kasuwa da iyayenmu mata waɗanda Fulatanci da Hausa kawai suke ji. Bayanin yadda za ka ceci ranka in wani abu ya faru, ina amfaninsa in ba ka ji me aka ce ba? Muna tashi kaɗan sai tayoyin suka naɗe suka shige cikin gidan injin, a irin wannan jirgin ta taga kana ganinsu, aka ji wani gum a ƙarƙashi, Hajiya ta damƙe hannuna ta ce "kai yaro me ya karye?" na ce "Hajiya ba komai, ƙafafunsa ya naɗe". Ni ina kusa na faɗa mata. Tsohuwar da ke bayanmu ita kaɗai take, har muka yi nisa ina jin tana ta Innalillahi, sai da na juya na yi mata bayani da Fulatanci hankalinta ya kwanta. Minti biyu na magana da harshen mutane ba zai ci wa kamfani ko dala ba, kuma a cikin ma'aikatan akwai 'yan arewa.

Jirgin ya ɗan yi girgiza muna hawa, dama da rana tsaka iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa, kuma mai farfela ba ya yin sama sosai kamar manyan jirage, shi ya sa tashin safe ya fi kwanciyar hankali. Amma rashin nisan nan yana da daɗinsa, kana ganin ƙasa. Binuwai da gadarta da yashin da ya fito saboda rani, gonakin auduga, in kana hagu kuma gari ya washe kana iya hango ruwan dam ɗin Lagdo. Sai tsaunukan Adamawa, daga nan ƙasa ta fara canza launi a hankali daga ruwan toka zuwa kore, kafin ka ankara daji ya haɗe, ga kogin Sanaga yana ratsawa, ga jan ƙasar kudu. Na sha bin hanyar nan da daddare a jirgin ƙasa ban taɓa sanin haka take ba.

Abinci ba a cewa komai, ruwa ko lemo da ɗan abin taɓawa a leda. Ka ci a gida. Bayan gida ɗaya ne ƙarami, ba wurin alwala ba ne, ka yi alwalarka kafin ka shiga. Wurin sauka kunne yana toshewa, a ba tsoho alewa ko goro ya tauna.

Saukar ta yi kyau, kayanmu duk sun fito lafiya ba abin da ya ɓata. Sai dai a sani filin Nsimalen ba cikin gari yake ba, kusan kilomita 25 ne kudu da Yawunde, ku yi ciniki da mai taksi kafin ku sa kaya a but, ko ka sa ɗan uwa ya zo ɗaukarka. A dawowa jirginmu ya fara sauka Ngaundere ya sauke wasu ya ɗauki wasu, mu muka zauna a ciki, to a kasa kunne kada tsohonka ya ga ana sauka ya bi sahu. Wannan karon kan lokaci muka tashi, har na yi mamaki.

In za a ce in ba da maki, ma'aikatan cikin jirgi 9 cikin 10, jirgin kansa 7, sanar da fasinja halin da ake ciki 3. Zan sake hawa in Allah ya kai mu ranar komawa asibiti, amma bilet ɗin jirgin da zai tashi kwana biyu kafin ranar ganin likita zan saya, kuma duk mai randebu, wato alƙawarin ganin wani, a Yawunde ko mai jirgin da zai kama zuwa waje daga Duwala kada ya kuskura ya haɗa su rana ɗaya da tashinsa daga Garwa, balle a watannin hazo.