Kafin ka cika fom ɗin jami'a, zo mu auna zaɓin da ke gabanka

Duk shekara in lokacin neman gurbin karatu ya kama, saƙon da ƙannena da 'ya'yan abokaina suke turo min kusan iri ɗaya ne, wai yaya wace jami'a ce ta fi suna, wacce zan sa a farko. Ni kuma kullum sai na mayar musu da tambaya biyu, wane kwas kake son karantawa, kuma in ka je a ina za ka riƙa kwana? Da yawa sai su yi shiru don ba su taɓa kawo wannan a ransu ba, sunan makaranta kawai suka riƙe. To wallahi shekara uku ko huɗu ko ma shida za ka yi a wurin nan, kuma malaman sashen da ka shiga su za su koyar da kai, ɗakin da ka samu a nan za ka yi barci da bitar karatu, suna kuwa yana can rubuce a bakin get.

Mu fara da jerin nan na jami'o'in da suka fi fice a duniya da ake ta yaɗawa, don shi ya fi ruɗar mutane. Jerin Shanghai da aka fara fitarwa a 2003, abin da yake ƙirgawa shi ne malamai da tsofaffin ɗalibai nawa suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi, da yawan binciken da aka buga a mujallu irin su Nature da Science. Na kamfanin QS na Birtaniya kuwa kaso mai tsoka na makinsa daga ra'ayin malaman jami'a yake fitowa, ana tambayarsu wace jami'a suke ganin ƙimarta. Duk wannan yana da amfani ga mai neman digiri na uku, amma kai da za ka shiga aji ɗaya, babu inda jerin ya faɗa maka ko farfesan nan mai Nobel zai taɓa shigowa ajinku, ko mutum nawa ne ke layi a kan madubin gwaji ɗaya a lab. In dai sai ka duba jeri, to ka duba na kwas ɗinka, don jami'a tana iya yin zarra a likitanci amma sashenta na injiniya yana ɗingishi.

Akwai wata ƙanwata da har yau abin nata yana damuna. Harhaɗa magunguna take so tun tana sakandare, wata ƙaramar jami'a ta ba ta kwas ɗin, wata babba mai suna kuma ta ba ta wani kwas daban da ko sau ɗaya ba ta taɓa ambata ba. Kowa ya ce ai babbar za ki je, ki shiga tukuna daga baya kya canja. Ta shiga, canjin bai yiwu ba, don sashen da take hari a cike yake kuma makin da ake nema a ƙarshen shekarar farko ya fi ƙarfin wanda ke karatun abin da ba ya so. Na taɓa ziyartarta ana gobe jarrabawa, na same ta zaune a bakin gado littafi a buɗe a cinya, kusan rabin awa muna hira shafin bai motsa ba, ta ce min yaya ni karantawa nake amma ba ya zama. Don haka duk wanda ya ce maka shiga kawai ka canja daga baya, ka ce ya nuna maka dokar canjin a rubuce, da makin da ake buƙata, da ko a bara an bar wani ya canja zuwa sashen.

Sai maganar babba da ƙarama. Akwai jami'o'in da ɗalibansu sun haura 300,000, kamar UNAM ta Meziko da Jami'ar Buenos Aires ta Ajantina, akwai kuma kwalejoji irin su Williams da Amherst a Amurka da ɗalibansu ba su wuce wajen 2,000 ba. Babbar jami'a tana da kwasa-kwasai birjik, laburare babba, ƙungiyoyi kala-kala, tsofaffin ɗalibai a ko'ina waɗanda za su iya riƙe hannunka ranar neman aiki, amma fa a shekarar farko za ka iya samun kanka a ɗakin lakca da mutum ɗari biyar, in ba ka zo da wuri ba a can baya za ka tsaya, lakcara yana magana kana ganin motsin bakinsa kawai, kuma in ka daina zuwa aji wata guda ba wanda zai lura. A ƙaramar kuwa malami ya san sunanka, ranar da kake neman takardar shaida don sikolashif zai rubuta abin da ya sani game da kai da gaske. Oxford da Cambridge ma abin da suke taƙama da shi ke nan, malami ya zauna da ɗalibi biyu ko uku duk mako su tattauna abin da suka rubuta. Ni a ganina in kai mai kunya ne, ko ka san sai an matsa maka kake karatu, ƙarama ta fi maka. In kuwa kana iya jan kanka da kanka, kana iya buga ƙofar ofishin malami ba tare da an kira ka ba, babba za ta buɗe maka hanyoyin da ƙarama ba ta da su.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, ba ko'ina ake zaɓen kwas lokaci ɗaya ba. A Ingila tun a fom za ka faɗi abin da za ka karanta, yawanci shekara 3 ka gama, a Sikotland da Amurka kuma shekara 4 ne, kuma a jami'o'in Amurka da yawa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ake so ka tsayar da fanninka. Wanda ya riga ya san abin da yake so, tsarin farko ya rage masa shekara guda na kashe kuɗi. Wanda kuma har yanzu zuciyarsa tana rawa tsakanin tattalin arziki da kwamfuta, na biyun ya fi masa sauƙi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe da kyau, wato amincewar hukuma. Jami'a tana iya zama da rajista amma kwas ɗin da take tallatawa hukumar da ke kula da wannan sana'ar ba ta amince da shi ba, kuma abu biyu ne daban. Likitanci, aikin jinya, shari'a, injiniya, harhaɗa magunguna, duk sai da lasisi ake yinsu, kuma mai ba da lasisin ita ce hukumar ƙasar da za ka yi aikin, ita za ka tambaya kai tsaye ko tana karɓar digirin makarantar. Masu son likitanci su duba kundin makarantun likitanci na duniya, wato World Directory of Medical Schools, su ga ko sunan makarantar yana ciki, amma hakan ma mataki ne na farko kawai. Masu injiniya akwai yarjejeniyar Washington Accord ta 1989 wadda ƙasashen da suka sa hannu suke amincewa da digirin juna in hukumar ƙasar ta tantance kwas ɗin. Dan Allah kar ka yi cinikin biri a sama, maganar ejan ko hoton gini mai kyau a intanet ba shaida ba ce, in ka gama shekara shida aka ce takardarka ba ta aiki babu wanda zai dawo maka da shekarun.

Tsakanin ta gwamnati da mai zaman kanta ba zan daɗe ba. Ta gwamnati galibi ta fi sauƙin kuɗi, ta fi tsofaffin malamai, amma ta fi cunkoso da wuyar shiga. Mai zaman kanta aji ya fi ƙanƙanta, kalandar karatu ta fi tafiya daidai, sai dai wasu malamansu na haya ne, yau suna nan gobe sun tafi. Ka nemi jerin malaman dindindin na sashenka, kuma ka tambaya ko kuɗin makaranta yana ƙaruwa kowace shekara, don da yawa lissafin shekarar farko kawai suke yi.

Karatu a waje kuma yana da daɗin ji, kuma gaskiya yana buɗe ido. Amma ka yi lissafin komai da komai. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ko da yake jihar Baden-Württemberg tun 2017 tana cajin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, to amma kafin a ba ka biza sai ka nuna kana da kuɗin da za ka rayu da shi, kuma kwasa-kwasan digirin farko da yawa da Jamusanci ake koyarwa, ka ga shekarar koyon yare ta shigo lissafi. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara 2 yake aiki, kar ka yi shi da wuri ya mutu a hannunka. Sannan ka duba zaman lafiyar ƙasar, mun ga yadda ɗalibai 'yan ƙasashen waje suka gudo daga Yukren a Fabrairun 2022, da Sudan a Afrilun 2023, wasu suna ajin ƙarshe, kuma abin da ya fi wahalar da su bayan sun tsira shi ne takardar sakamakon shekarun da suka yi. Duk inda kake, ƙarshen kowace simesta ka karɓi sakamakonka mai hatimi ka ajiye kwafi. A Turai tsarin Bologna na daidaita digirori tsakanin ƙasashe da aka faro a 1999, da ma'aunin karatu na bai ɗaya da ake kira kiredit ɗin ECTS, 60 a shekara, sun sauƙaƙa komawa wata jami'ar da abin da ka riga ka tara, wannan ma abin dubawa ne in kana kwatanta ƙasashe.

Mu dawo kan wurin kwana. Hostal na cikin makaranta ya fi kusa da aji da laburare, akwai tsaro, kuma a nan ake yin abokan da ake daɗewa da su, amma ba ka da ikon zaɓen abokin ɗaki, wani sai ƙarfe biyun dare zai kunna waya da ƙarfi, wani ba ya wanke kwanonsa sai ya kwana uku. Haya a waje tana ba ka natsuwa, sai dai kuɗin mota da lokacin da za ka ɓata a hanya kullum su ma kuɗi ne, kuma lakcar ƙarfe takwas ta safe ita ce ta farko da mutum yake fara tsallakewa. Shawarata shekarar farko ka zauna a ciki in ka samu, ka san gari ka san mutane, daga baya ka fita in kana so. Kuma ka tambaya tun kafin ka karɓi gurbi ko ana ba kowane sabon ɗalibi gado ko rububi ake yi.

Wanda aiki ko iyali suka riƙe shi, karatu daga nesa hanya ce ta gaske, Open University ta Birtaniya tun 1969 aka kafa ta, takwararta IGNOU ta Indiya tun 1985. Amma yana buƙatar mutum mai iya tsare lokacinsa, kuma ɗan shekara 18 da ya fito daga sakandare zai rasa zaman aji da cuɗanya da mutane, wanda shi ma rabin karatun ne.

Gani ya kori ji, in da hali ka je makarantar da ƙafarka ranar da ake karatu, ka leƙa lab, ka shiga banɗakin hostal, ka tsayar da ɗan aji uku na sashen da kake so ka tambaye shi sau nawa suka yi aikin gwaji a simestar da ta wuce, kuma sakamakon jarrabawa yana ɗaukar wata nawa kafin ya fito. In nisa ya hana, nemo ɗalibansu a intanet, biyu ko uku, kar ka tsaya kan wanda makarantar ta haɗa ka da shi.

Sai ranakun rufe fom, su kam ba sa jiran kowa. Ƙasashe irin su Sin da jarrabawarta ta shiga jami'a mai suna gaokao, da Najeriya da JAMB, jarrabawa ɗaya ce ke ɗaukar nauyi mafi yawa. A Birtaniya ta cibiyar neman gurbi mai suna UCAS ake nema, zaɓi 5 kake da shi, huɗu kawai za ka iya sa wa likitanci, kuma na Oxford da Cambridge da likitanci 15 ga Oktoba ake rufewa, sannan ba a haɗa neman Oxford da Cambridge duka biyun a shekara ɗaya. A Amurka fom guda ɗaya da ake kira Common App yana kai ka makarantu sama da 1,000, amma ka kula da abin da suke kira Early Decision, in suka ɗauke ka ta nan ka yi alkawarin zuwa ke nan, ba ka da damar jiran tayin tallafin wasu ka kwatanta, don haka wanda karatunsa ya dogara da sikolashif ya yi tunani sosai kafin ya bi ta nan. Kowane tsari ka bi, a cikin zaɓinka ka sa guda ɗaya da ka tabbata makinka ya kai, kuma ya zama kwas ne da in shi kaɗai aka ba ka za ka je ka karanta da zuciya ɗaya.