Madobiya: Zarton Mai Katako da Addar Makiyayi

Mutum biyu ke neman madobiya a dazukan Taraba, kowa da irin illarsa.

Mai katako, wanda ke kiranta "Madrid", babba yake nema. Ya dube ta, miƙaƙƙiya mai jan ciki, ya sa mata zarton inji, a loda gungumen zuwa Legas, daga nan sai China. Abin da ke ci mini rai shi ne, manyan nan su ne iyaye masu zubar da iri. Rana ɗaya a kwantar da itacen da ya shekara aru-aru yana girma, kututture kawai a bari. Ɓarnar ta kai har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashen duniya, ta sa wa madobiya takunkumi daga 2017, sannan a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya.

Makiyayi kuwa hawa yake yi da rani, ya sassare rassa, shanu su ci ɗanyen ganye. Itacen na tsaye, zai sake toho. Amma in ana yi mata aski duk shekara, furen nan rawaya ba ya kai ga zama iri, ƙananan da suka tsiro kuma awaki da gobarar daji su cinye.

Ni dai na fi yi wa makiyayi uzuri, muddin zai bar rassan sama su yi fure.