Na tura tsoffin silallan Kaka zuwa Ingila a ba su maki, ga abin da ya dawo

Tun ranar da na fito da kwabon nan nawa da ke rufe cikin gidan roba a majalisarmu ta wajen Wunti mutane suke ta tambayata, wai ina na kai aka yi min, nawa na kashe, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko a'a. Toh bari in zauna in faɗa sau ɗaya in huta.

Asalin abin gwangwani ne. Da Kakarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, aka zo kwashe ɗakinta a Jahun sai ga wani tsohon gwangwanin alawa a ƙarƙashin gado cike da silalla, kwabo mai huji, anini, sisi, taro, sule, har da liyari guda biyu irin wanda matan zamanin da suke ratayawa a wuya. Kowa ya ce tarkace ne ya yafe min, ni kam na rungume abina. Daga nan ciwon tara tsoffin kuɗi ya kama ni, yau shekara kusan shida, kuma duk Bauchi mu da muke wannan haukan da na sani ba mu cika goma ba.

Ga wanda bai san harkar ba, akwai kamfanoni a waje da ba su saye ba su sayarwa, aikinsu kawai ka ba su tsabar kuɗinka su duba su ce na gaske ne ko jabu, su ba shi maki, sannan su rufe shi cikin wata roba mai tauri da ba ta buɗuwa sai an fasa, da takarda a sama mai ɗauke da lamba. Duk manyan daga Amurka suka taso. ANACS ita ce tsohuwa, tun 1972, sai PCGS a 1986, NGC ta biyo a 1987, ICG kuma 1998. Makin daga 1 ne zuwa 70, wani likita William Sheldon ya fito da ma'aunin a 1949, kuma shi tsoffin kwabban jan ƙarfe na Amurka ya yi wa, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowane kuɗi. Daga 60 zuwa sama na wanda bai taɓa yawo a hannun mutane bane, shi ne zaka ga an rubuta MS a gaban lambar. Ƙasa da haka kuma gwargwadon yadda hannu ya cinye shi ne.

Kamfanin da na tura wa ba zan kama sunansa ba, ɗaya ne dai daga cikin sanannun. Daga nan Bauchi kam babu yadda zaka yi kai tsaye cikin sauƙi, ko dai ka biya ka zama mamba ko ka bi ta hannun dillalin da suka amince da shi, ni sai da na jira ɗan ƙanwar babanmu da ke karatu a Birmingham ya zo hutun sallah na danƙa masa, shi ya kai wa wani dillali a can. Guda huɗu na zaɓa. Kwabo na 1936, sule na 1913, da liyarin nan biyu. Kuɗin dubawa, kuɗin dillali, inshora, duk da fam ake biya, da na juya su zuwa naira wallahi sai da na daina lissafi don kar matar gida ta ji, amma buhun shinkafa kam ya tafi har da ɗoriya. Kusan wata huɗu kafin su dawo hannuna.

Bari in fara da kwabon don shi ne na ɗora wa buri. Sunan Edward na takwas ne a jiki, sarkin Ingilan nan da ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba saboda mata. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma mu nan Afirka ta Yamma an buga mana, tunda kwabonmu huji ne a tsakiya babu hoton kai, suna kawai ake canzawa. Ni da na karanta wannan labarin sai na ce shikenan na warke, har na fara kallon filaye a hanyar Jos. Nawa yana sheƙi, ga tauraron nan mai kusurwa shida, ga rubutun larabci, ga ɗan ƙaramin harafin H da ke nuna masana'antar Heaton ta Birmingham ce ta buga, kaga kwabo ya koma garinsu kenan bayan shekara tamanin da wani abu. Ya dawo da MS 63. Maki mai kyau fa. Sai dai an buga irinsa miliyoyi kuma Turawa sun ɓoye da yawa tun lokacin saboda labarin sarkin, don haka ko a cikin robar abin da za a saye shi bai kai abin da na kashe masa ba. Wannan ba laifin kamfani bane, ni ne ban yi tambaya ba kafin in tura.

Sulen ne ya ƙona min rai. Na azurfa ne, tunda sulallan farko da aka buga mana daga 1913 azurfa ce kafin a koma tagulla a 1920. Da na same shi baƙi ƙirin yake, sai na yi abin da kowane Bahaushe zai yi, toka da lemun tsami, na dirje shi har yana ɗaukar ido. Ya dawo babu lambar maki sam, sai kalmar Details da bayanin cewa an wanke shi. Wato na gaske ne amma an ɓata shi. Na yi ta masifa kwana biyu ina cewa ya za a yi mutum ya tsaftace abu a rage masa daraja, sai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta da ya fara tara kuɗi tun kafin naira ta zo a 1973, ya miƙo min gilashinsa na dubawa ya ce ɗana kalli nan. Wallahi ƙananan layuka birjik a fuskar sarkin kamar an ja kaza a ƙasa. Ashe baƙin nan da muke gani datti, su a wajensu shi ne shaidar shekaru, kuma in ka kankare ba ya dawowa. A nan kam sun yi gaskiya, idonsu ya ga abin da nawa bai gani ba. Don Allah duk mai tsohon kuɗi a gida ya bar shi da daƙonsa.

Liyari kuma, kowa ya san duk 1780 aka rubuta musu, shekarar da sarauniya Maria Theresa ta Austriya, wadda hotonta ke jikinsu, ta rasu, amma an ci gaba da bugawa da wannan shekarar har zamaninmu, don haka kar wani ya ruɗe ka da cewa nasa ya shekara ɗari biyu da arba'in. Ɗaya sun tabbatar na gaske ne sai dai akwai tabon inda maƙeri ya liƙa masa kunnen rataya, shi ma babu lamba. Ɗayan ko robar ba su sa shi ba, suka maido shi a leda wai jabu ne. Abin dariyar, kafin in tura na kai wa wani maƙerin azurfa a kasuwa, ya jefa su a kan siminti ɗaya bayan ɗaya ya ce Alhaji wannan muryarsa ba ta yi min ba, ya ɗora a sikeli ya ga bai kai giram 28 da na gaske ke yi ba. Ban yarda ba na ce sai Bature ya faɗa. Bature ya faɗa, da fam.

Toh a majalisa ra'ayi ya rabu, kuma har yau ba mu daidaita ba. Wani matashi a cikinmu da ke saye ta eBay shi gaba ɗaya ya ba su amana, ya ce shi ba zai tura dalarsa wa mutumin da bai taɓa gani ba a kan hoto kawai, in babu roba babu ciniki. Kuma yana da hujja, tunda masu dubawar ba su san mai kayan ba, ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, sannan manyan kamfanonin suna da alkawarin biyan diyya in daga baya ta bayyana abin da suka rufe jabu ne. Shi kuma Baba malam, dattijon nan mai gilashi, cewa yake a sayi kuɗin ba robar ba. Ya ce maki ra'ayin mutum ne da ya kalli abu na ɗan lokaci, ba awon sikeli bane, in ba haka ba me yasa 'yan kasuwar can suke fasa roba su sake turawa ko za a dace 64 ta koma 65? Kuma ana dacewa ɗin, shi ya sa ake yi, don a wasu kuɗaɗen wannan maki ɗayan yana iya ninka farashi. Kuɗi bai canza ba, lamba ta canza, kamfani kuma ya karɓi kuɗin dubawa sau biyu. Tsoffin masu tarawa a can ma sun daɗe suna ƙorafin cewa ma'aunin yana sassautowa da shekaru.

Abin da ya fi ba ni dariya, a 2007 aka buɗe wani kamfani CAC da aikinsa ya duba wanda aka riga aka duba, in ya gamsu ya manna wa robar ɗan koren tambari. Mai gadi ma an ɗaukar masa mai gadi. Kuma robar kanta ana yin jabunta, da takarda da lamba da komai, don haka in za ka saya dole ka shiga shafin kamfanin ka buga lambar, in akwai hoto ka gwada tabo da tabo, lambar kaɗai ba ta isa ba tunda ɓarawo kwafar ta gaske yake yi.

Ni inda na tsaya, a kan gane na gaske da jabu, da gane wanda aka wanke ko aka liƙe, na yarda da su sosai, sau uku suka gwada min. A kan makin kuma ina tare da Baba, in sun ce 63 ni ina jinta ne a matsayin tsakanin 62 da 64. Wajen tsada da wahalar turawa kam ga ɗan Bauchi maki kaɗan zan ba su, ba a yi tsarin don mu ba. Yawancin abin da ke gwangwanayen kakanninmu, kwabban 1959 masu huji da sulallan tagulla, ba su kai kuɗin robar ba, duk da masu yawo suna cewa ana sayen kwabo mai huji miliyoyi, wanda ni dai har yau ban ga wanda ya karɓi ko sisi ba sai waɗanda aka karɓe wa.

Saura guda ɗaya da nake tunani a kai. Akwai anini na 1908 a gwangwanin, na alminiyam, ƙarfen tukunyar nan, mara nauyi kamar ganye, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka kashe a duniya. Galibi zaka same su sun zagwanye, nawa kuwa lafiyarsa ƙalau kuma alhamdulillahi tokata ba ta kai kansa ba. Na naɗe shi a takarda na kai wa Baba malam ajiya don kar hannuna ya yi ƙaiƙayi, in yaron nan ya sake zuwa hutu sai mu ga yadda fam take a lokacin.