Wankin Airflow a asibiti ko injin kankare haƙori na gida: wanne ya fi wa mai tsoron zugi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tsakanin biyun da kika ambata, wato sabon wankin haƙori na iska da hoda da ake kira Airflow, da ɗan injin nan mai tsinin ƙarfe da ake talla a Instagram da TikTok wai mutum ya kankare haƙoransa a ɗaki, ki zaɓi na asibiti. Kuɗin da kika ware wa injin ki haɗa su da na likita.

Ni ma'abociyar baƙin shayi ce, ga goro ina ɗan taɓawa, dasashina kuma ba ya jure wahala, abu kaɗan sai jini. Kankarar da aka saba yi da ƙarfe, duk lokacin da aka yi min sai na wuni ban sha ruwan sanyi ba, ƙarar injin kuma ta yi ta yawo a kaina har dare. Saboda haka da na ji kin ce gabanki na faɗuwa tun daga ƙofar ɗakin likita, na san abin da kike nufi.

Ranar da aka fara yi min Airflow, likitar ba ta ɗauki ƙarfe ba tukuna. Wani rini ta shafa min a haƙora, ta ce in kurkure, sannan ta miƙo min madubi. Duk inda dauɗa take ya kama launi: sabuwa ta yi ja-ja, wadda ta daɗe ta yi shuɗi. Nan na ga bayan haƙoran ƙasa na gaba da gefen turame na sama sun fi ko'ina rinewa. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, wuraren nan biyu kusa suke da inda yawu ke fitowa, shi ya sa dauɗa ta fi saurin daskarewa a can. Ta nuna min yadda zan karkata buroshi ya kai gindin haƙori, kafin ma a fara wankin. Daga nan ta sa min tabarau, ta shafa min mai a leɓe, ta ɗauko wani abu kamar biro mai fesa ruwan ɗumi da iska da hoda. Ɗumin ruwan nan shi ya fara kwantar min da hankali, domin ruwan sanyi ne babban abokin gabar mai tsamin haƙori. Hodar tana da ɗan zaƙi a harshe. Ba kankara, ba ƙarar nan mai shiga ƙwaƙwalwa, sai feshi kawai yana bin launin yana ɗauke shi. Tabon shayi da na goro da suka maƙale a tsakanin haƙora suka fita. Na tashi daga kujerar na wuce kasuwa, da yamma na ci tuwona lafiya lau.

Abin da ya sa ba ya ciwo, sirrin yana cikin hodar. Wanke haƙori da feshin hoda ba sabon abu ba ne, amma a da bekin soda ake amfani da shi, ƙwayarsa tana da kauri da kaifi, ga gishiri-gishiri, idan ya bugi dasashi sai ya yi zafi. Wadda ake yayi yanzu ana yin ta da eritiritol, wani sinadarin zaƙi da ƙwayoyin cutar baki ba sa iya ci su mayar da shi tsami. Girman ƙwayarta kusan maikiron 14 ne, ta fi silin gashin kai siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa ake iya fesa ta a kan dasashi, da kan ciko, da haƙorin da aka dasa, da tsakanin wayar gyaran haƙori ba tare da ta karce su ba. Akwai kuma ta gilaisin, ita ma mai laushi ce. Kamfanin EMS da ke garin Nyon a ƙasar Suwizalan shi ke da sunan Airflow, shi ne kuma ya tsara matakai 8 na wankin haƙori da ake kira GBT, waɗanda suka fara daga duba baki da shafa rinin nan har zuwa sa ranar dawowa. Wasu kamfanonin ma suna ƙera injinan feshi irin wannan da nasu sunayen.

Amma kada tallar ta sa ki zaci an rabu da ƙarfe gaba ɗaya. Dauɗar haƙori iri biyu ce. Akwai mai laushi mai yauƙi da ke taruwa kullum, akwai kuma wadda ta kwana biyu ta haɗu da sinadaran yawu ta daskare ta zama kamar dutse. Ki ɗauka tukunyar tuwo ce: maiƙo ruwa da sabulu ke fitar da shi, ƙanzo kuwa sai an kankare. Feshin hoda maiƙon yake ɗaukewa, da tabon da ke saman haƙori. Daskararriyar kuwa dole a sa mata siririn tsinin injin da ke kaɗawa sau 25,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, ruwa na bin sa yana sanyaya shi. Bambancin shi ne, bayan an share mai laushin, likita na ganin ainihin inda dutsen yake, sai ya taɓa wajen kaɗai maimakon ya bi kowane haƙori da ƙarfe. Ni a bayan haƙoran ƙasa kawai aka sa min, na ɗan ji shi, kafin in gama tsuke fuska an wuce wajen. Idan kin yi shekaru ba a wanke miki ba, ki sa a ranki cewa aikin tsinin zai fi nawa yawa, kuma kina da damar cewa a shafa miki maganin kashe zafi a dasashi ko a yi miki allura. Ba abin kunya ba ne.

Gaskiya ɗaya kuma: wajen lafiyar dasashi bayan wanki, tsohuwar hanya idan hannun ƙwararre ya yi ta, tana kai mutum inda sabuwar ke kai shi. Abin da kike saye da ƙarin kuɗin shi ne sauƙi da kwanciyar hankali. Ga wadda tsoro ya hana zuwa asibiti shekara da shekaru, a ganina wannan sauƙin ya ci kuɗinsa, tunda shi zai sa ki koma. Idan babu injin a garinku, don an fi samunsa a asibitoci masu zaman kansu na manyan birane, ki je sashen haƙori na asibitin koyarwa ko na gwamnati mafi kusa a yi miki na da, ki gaya musu tun farko kina da tsamin haƙori.

Injin gida kuwa, ina da shi, yana cikin durowa. Zai iya ɓantare ɗan dutsen da ido ke gani a haƙoran gaba, iyakarsa ke nan. Ba ya fesa ruwa, ba kya ganin bayan haƙoranki, ba ya isa ƙarƙashin dasashi inda ainihin ɓarnar take, tsininsa kuma idan ya zame naman zai soka ko ya karce gindin haƙori, wajen da ba shi da rufi mai ƙarfi.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, domin mayaudara sun yi yawa a wannan harka. Masu tallar injinan gida da yawa bidiyon da suke nunawa na injin asibiti ne, ko na haƙoran roba da aka shafa wa datti. Suna rubuta cewa irin na likitoci ne, alhali ɗan ƙaramin inji ne a ciki mai karkarwa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan kwalba da ake gogawa da auduga haƙori ya yi fari nan take, a kasuwa ko a shagon kwalliya. Irin wannan farin gaggawa asid ne ke kawo shi, yana cinye rufin haƙori, rufin nan kuma idan ya tafi ba ya sake tsirowa. Haka haɗin gawayi da lemon tsami da ake yaɗawa a guruf-guruf. Bayan 'yan watanni haƙorin ya ƙara yin rawaya, saboda na cikin ya fara bayyana, ga tsami ko iska ce ta shiga baki.

A asibitin ma ki buɗe ido. Akwai inda za a ce miki Airflow ne a karɓi kuɗinsa, a fesa miki bekin soda mai kauri da ruwan sanyi. Kafin ki biya, ki tambaya wace hoda za a sa, ki ce a nuna miki robarta. Ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da cire daskararriyar dauɗa, domin wasu feshin kawai suke yi, haƙori ya yi ƙyalli a sama, dutsen na nan a gindi yana cin dasashi. Ki lura an yage ledar kayan aiki a gabanki. Duk abin da ya taɓa jinin wani ba a dafa shi a injin tururi ba, hanya ce ta ciwon hanta. A Najeriya likitan haƙori sai da rajistar MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori, masu aikin wankin haƙori da suka yi karatunsa su ma suna da tasu hukumar rajista. Mai gyaran farce da gashin ido ba ta cikinsu, ko da ta sa farar riga.

Ki gaya wa likita idan kina da asma ko wani ciwon ƙirji, saboda hodar na tashi a iska, akwai waɗanda ba a yi musu feshin sam. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da aka hana gishiri, ba a so a yi mata da bekin soda. Mai juna biyu ana wanke mata haƙori, dasashinta ma ya fi saurin kumburi a lokacin, sai dai ta sanar. Mai ciwon suga ita ta fi kowa buƙatar wankin a kan kari, domin ciwon dasashi da suga suna rura wa juna wuta.

Za ki ji ana cewa wankin asibiti na buɗe tsakanin haƙora ko ya sa su girgiɗa. Ba wankin ne ya buɗe ba. Dutsen ne ya daɗe yana tura dasashi baya yana zaune a gurbin, da aka cire shi sai ramin da ya haƙa ya fito fili. Barinsa shi ke kai haƙori ga faɗuwa. Sannan wanki ba ya canja asalin launin haƙori. Idan tabonki ruwan kasa ne da kika taso da shi tun yarinta, irin wanda ruwan sha mai yawan sinadarin fuloraid ke jawowa kamar yadda aka sani a yankin Langtang na jihar Filato da Tibiri ta jihar Maraɗi, wannan a cikin jikin haƙorin yake, feshi ba ya fitar da shi. Duk wanda ya yi miki alkawarin hakan kuɗinki yake so. Aikinsa daban ne, likita zai yi miki bayani.

Idan har hannunki na ƙaiƙayin sayen wani abu na gida, ki sayi na'urar sakace da ruwa. Ita nake amfani da ita kowane dare, da ruwan ɗumi, a kan mafi ƙarancin ƙarfi, tana fitar da abin da ya maƙale a tsakanin turame ba tare da tsinke ba. Ba ta cire dutse, ba ta kuma maye gurbin buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare. Asuwakinki ki ci gaba da shi, sai dai ki tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ki daina dirza shi a kan dasashi. Amma idan yanzu haka dasashin na fitar da mugunya, ko wani haƙori ya fara motsi, ko warin baki ya ƙi tafiya duk da gogewa, kada ki jira sai kin samu inda ake Airflow. Wannan wankin ƙarƙashin dasashi yake buƙata, da allurar kashe zafi, ki je cikin makon nan a duba ki.