Hattara da mai sayar da katin girafik na waje a guruf ɗin 'yan gem

Jama'ar Katsina, musamman masu buga gem a laftof, akwai wani ɗan damfara da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana tallar akwatin eGPU, wato wanda ake sa katin girafik a ciki a jona da laftof don gem ya daina sarƙewa. Ya ci mani Naira 285,000. Kuɗin da na tara da gumina, 285,000, Allah ya isa tsakanina da shi.

Kafin wani ya zo yana ce mani ai garajena ne, ku ji. Ban tura ko sisi ba sai da muka yi kiran bidiyo. Na ga laftof a kan tebur, gem ɗin GTA V na gudu sumul, ga akwatin a gefe fankarsa na juyawa. Ya ce, “Malam, wallahi amana ce tsakaninmu, ni ma ɗan gida ne, kasuwanci ya kawo ni Kano.” Har unguwanni ya lissafo mani, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, ya san su sarai. To wa zai ga wannan ya ce ƙarya ce? Sai yanzu da nake ta maimaita kiran nan a kaina na lura bai taɓa nuna mani inda wayar akwatin ta shiga ba. Kyamarar na zuwa gefen laftof ɗin sai ya ɗaga ta. Kullum in na kwanta wannan ɗaga kyamarar nake gani.

Kayan sun iso ta hannun direba a tasha, an naɗe su da kwali da salatif kamar abin arziki. A'a, kafin nan ma, tun ranar farko na tura mashi hoton laftof ɗina, HP EliteBook 840 G3, na tambaye shi ko zai yi. Ya ce muddin akwai ramin Type-C an gama. Ƙarya ce tsagwaronta. Irin wannan akwati sai da Thunderbolt 3 ko 4, mai gudun 40Gbps, wanda galibi za ka ga 'yar alamar walƙiya a gefen ramin. Siffarsu ɗaya da Type-C na gama-gari, aikinsu daban. Nawa ba ya da ita. Shi ya sani, sana'arsa ce, hoton kuma yana hannunsa.

Na jona, shiru. Na kira, ya ce in sabunta direbobin kwamfutar, wato manhajojin da ke sa ta gane kayan da aka jona mata. Na sake kira, ya ce wutar gidanmu ce ba ta da ƙarfi. Sai na kwashi kayan na kai wa wani abokina mai gyara, muka zare katin muka sa a babbar kwamfuta. A jikinsa an liƙa GTX 1050 Ti, 4GB. Abokina ko kunnawa bai yi ba ya nuna mani ramin VGA, shuɗin nan na tsohuwar manita, ya ce na gaske da ya fito a 2016 ba ya zuwa da shi. Ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin girafik, ta rubuta FAKE ƙiri-ƙiri a gaban sunan. Ashe GTS 450 ne na 2010, mai 1GB, aka sauya mashi BIOS, wato manhajar da ke cikin katin, ya riƙa amsa sunan da ba nasa ba. Gem na neman fiye da 1GB zai mutu. Wannan tsohon tarkacen na saya 285,000.

Asusun da na tura kuɗin ba sunansa ba ne, ya ce na shagon POS ɗin ƙanensa ne. Yau wa bai taɓa tura kuɗi ta mai POS ba? Na je banki, sun ce sai da takardar 'yan sanda da ta kotu. Shi kuwa ya toshe ni tun daren da na tura mashi hoton GPU-Z, amma an ce mani har jiya yana talla da wata sabuwar lamba.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin 285,000 da saƙon muryar da yake rantsuwa duk suna nan, zan ɗora su anjima in na rufe bayanan asusuna. In za ku saya, ku duba alamar walƙiya a laftof ɗinku, kuma kada ku biya sai an jona a naku an buɗe GPU-Z a gabanku. Wanda ya taɓa ciniki da mutumin nan ya neme ni ta akwatin saƙo, gobe da safe zan shigar da ƙara.